Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A ƙauyenmu da ke tsakanin Kankiya da Kusada, mun daɗe muna ɗaukar maganar ’yan bindiga a matsayin labarin nesa. Dajin Rugu yana can yamma, wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa. Ko da aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, jaje muka yi, muka koma gona.

Sai ga shi wani dare sun zo a kan babura, suka kore shanun huɗar kawuna guda biyu, suka tafi da ɗansa. Abin da ya fi asarar tsaya mini a rai shi ne yadda suka shigo: ba su tambayi kowa hanya ba. Sun san gidan, sun san turken, sun san kawu ya sayar da hatsi a makon. Da ya ce ba shi da kuɗin fansa, sai suka lissafa masa buhunan ta waya.

Wa ya gaya musu? Har yau muna haɗa sahu a masallaci, kowa na satar kallon ɗan’uwansa.

Gaskiya ne makamai sun bazu a yankin Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, kuma iyakarmu da Nijar ta wajen Jibiya tana da ɓarauniyar hanya ba adadi. Amma bindiga ba ta shan mai, babur ke sha. Wani ke kai man daji, wani ke kai burodi da ƙwaya, wani kuma ke sayen saniyar sata a rabin kuɗinta bai tambayi mai ita ba. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Masari ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi. Talaka ya sha wuya, masu safarar kuwa suka sake hanya.

An yi sulhu a 2019 ya wargaje. Gwamna Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al’umma a 2023. Duk da haka, soja ba zai iya gadin abin da maƙwabci ya riga ya sayar ba.

Yaron ya dawo bayan kawu ya jinginar da gonarsa. Na tambaye shi ko yana zargin wani. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ɗana, in na faɗi sunan, a ina zan kwana?”

Wannan tsoron ne ya kamata hukuma ta fara magancewa. Ranar da mai shaida ya tabbata zai kwana lafiya a gidansa, bakin mutane zai buɗe.