Ga ƙannenmu da maganar tsawo ta hana barci

Rubutun yau yana da ɗan tsayi, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman masu ƙanne a sakandare ko a aji ɗaya na jami'a.

Akwai wata damuwa da samarinmu ke ɓoyewa, ba sa faɗa wa iyaye, ba sa faɗa wa malamai, sai dai su je su tambayi waya cikin dare: yaya zan yi in ƙara tsawo? A unguwarmu ta Limawa kaɗai, cikin 'yan watannin nan yara uku suka tare ni da wannan tambaya, don sun san ina karatun digiri na biyu a ɓangaren kimiyya. Ɗayansu har ya tara kuɗin da yake samu a shagon caji zai sayi wani garin magani da ya gani a TikTok, wai santimita goma cikin wata uku. Shekararsa 20.

Ni kaina mita 1.62 ne tsawona. A sakandare ni ne kullum a gaban layin asambuli daga aji ɗaya har aji shida. Sunaye kuwa na sha su: guntu, ɗan tsurut, ƙasa ta fi kusa. Mutum zai yi dariya tare da masu tsokanar, amma in ya kwanta abin yana cinsa. Har yau in an zo hoton 'yan aji a Gidan Kwano, wani zai ce "wane, dawo gaba kar a rasa ka." Don haka ba daga nesa nake magana ba.

Kuma kada mu raina damuwar, don ba duka ce ta son a burge 'yan mata ba. Fom ɗin shiga sojan ƙasa yana neman namiji ya kai mita 1.68, mace 1.65. Na 'yan sanda 1.67 ga maza, 1.64 ga mata. Yaron da ya taso yana ganin kaki ne hanyar da zai ɗauki nauyin gidansu, in santimita biyu suka tsaya masa, ba abin dariya ba ne. Irin wannan yaron ne masu tallan magani ke farauta.

To ga yadda abin yake. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, kamar na cinya da ƙwauri, akwai wani faifan guringuntsi. Daga nan ƙashi ke ƙara tsayi. Idan balaga ta kammala, faifan nan yakan rikiɗe ya zama ƙashi, ya rufe. Ga mata yawanci tsakanin shekara 14 zuwa 16, ga maza tsakanin 16 zuwa 18, wasu 'yan kaɗan su ɗan haura haka. Da zarar ya rufe, an gama. Babu ƙwaya, babu gari, babu tsimi, babu lilo a jikin ƙarfe da zai sake buɗe shi. Mai ce maka ya auna ya ga ƙari bayan sati biyu, tambaye shi yaushe ya auna. Kowa da safe ya fi tsawo da santimita ɗaya zuwa biyu, saboda faya-fayan ƙashin baya suna matsewa in an wuni a tsaye.

Mafi yawan bambancin tsawo tsakanin mutane gado ne. Likitocin yara suna da wani lissafi mai sauƙi: haɗa tsawon uba da na uwa, in namiji ne ka ƙara 13, in mace ce ka rage 13, sai ka raba biyu. Misali Baba 168, Mama 155. Ɗansu zai tsaya kusa da 168, 'yarsu kusa da 155, da ragi ko ƙarin da bai cika wuce santimita takwas ko tara ba. Ranar da na yi wa kaina wannan lissafi na ga ashe inda ya kamata in tsaya na tsaya. Jinin gidanmu ne kawai.

Amma gado ba shi kaɗai ba ne, kuma a nan ne maganar ta shafe mu 'yan Arewa kai tsaye. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Yawancin wannan asarar tana faruwa ne a kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, gudawa da yawan laulayi. Ke nan da yawa daga cikinmu an yanke mana wani abu daga tsawonmu tun kafin mu iya magana. Kuɗin da saurayi ɗan shekara 20 zai zuba a garin bogi, da zai saya wa ƙaramar ƙanwarsa ko matar yayansa mai ciki ƙwai, wake da kifi, wallahi nan ne kuɗin zai zama tsawo na gaske.

Wanda kuma bai gama girma ba, ɗan 13 zuwa 17, yana da sauran dama, sai dai damar ita ce ya kai iyakar abin da jininsa ya tanadar masa. Ya ci abinci mai gina jiki: wake, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, zogale. Doya da shinkafa suna cika ciki, amma su kaɗai ba sa gina ƙashi. Ya yi barci isasshe, don sinadarin girma ya fi fita lokacin barci mai nauyi, ba lokacin da ake danna waya har ƙarfe biyun dare ba. Ya motsa jiki, ya buga ƙwallonsa. Kuma ya nisanci ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da allurar gina ƙwanji da wasu ke yi a wuraren ɗaga ƙarfe. Dexamethasone in an daɗe ana sha yana danne girman yaro, allurar ƙwanji kuma tana iya rufe faifan nan tun lokacinsa bai yi ba. Garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a tafi asibiti, ba kemis ba. Idan yaro ya fi duk sa'anninsa gajarta nesa ba kusa ba, ko shekara ta zagayo rigarsa ta makaranta ba ta ɗage ba, ko namiji ya kai 14 mace ta kai 13 babu alamar balaga, a kai shi wurin likitan yara. Sikila tana jinkirta girma, haka matsalar maƙoƙo da ciwon ƙoda. Da hoton ƙashin hannu likita zai iya gane ko faifan ya rufe ko da saura. Wasu yaran ma lafiyarsu ƙalau, jinkirin balaga ne kawai na gado, daga baya su miƙe su kamo sa'anninsu.

Na san wani zai kawo Messi. E, an gano yana da ƙarancin sinadarin girma tun yana yaro a Ajantina, kuma Barcelona ta ɗauki nauyin allurarsa bayan ya je can a 2000 yana ɗan shekara 13. Amma lura: cuta aka gano, likitoci suka duba, kuma an yi allurar faifansa yana buɗe. Duk da haka a 1.70 ya tsaya. Ita kuwa tiyatar ƙara tsawo, wadda ta samo asali daga aikin likitan Tarayyar Sobiyet Gavriil Ilizarov a shekarun 1950, karya ƙashi ake yi a riƙa buɗa shi kusan milimita ɗaya a rana, watanni ana jinya, ga tsada ga haɗarin ciwo. An ƙirƙiro ta don masu karaya da nakasa, ba don hoton biki ba.

Mu da namu ya riga ya rufe fa? Sai mu gyara abin da ke hannunmu. Tsayuwa a miƙe, kaya daidai jiki, da kuma abin da ke cikin kai. Ahmed Musa bai kai yawancin 'yan bayan da yake fuskanta tsawo ba, amma ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Maradona 1.65 ne. Sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud ƙaramin jiki gare shi, har aka taɓa yi wa siraran ƙwaurinsa dariya, Annabi (SAW) ya sanar da su sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Ban taɓa ganin an auna tsawon ɗalibi kafin a ba shi maki a difens ba.

Ku kuma dogayenmu, Allah ya ƙara, amma ku rage tsokana. Sunan da kake ganin raha ce, wani yaron shi ke tura shi hannun 'yan damfara. In ƙaninka ya zo maka da wannan tambayar, kada ka ce masa "kai dai ka gode wa Allah" ka wuce. Zaunar da shi, ku yi lissafin nan tare, ka duba shekarunsa, in akwai alamar matsala ka raka shi asibiti.

Wanda ke da ƙani mai wannan damuwa ya tura masa. Allah ya ba mu lafiya da wadatar zuci.