Kifin Gulbi, Taliyar Murji da Hoce

'Yan'uwa na Jos da Kaduna, in mun haɗu wurin taro aka zauna cin abinci, sukan tambaye ni, "Malam, ku can Ƙaura me ku ke ci ban da ƙura?" Da wasa su ke yi, ni ma nakan yi dariya. Amma na lura da yawansu ba su san kome game da arewacin Zamfara ba sai labarin 'yan bindiga da su ke ji a rediyo. Labarin gaskiya ne, ba na musu. Duk da haka mutane suna nan, ana hura wuta kowace safiya, kuma akwai abinci a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi wanda ya isa a ba baƙo ba tare da jin kunya ba. Shi na ke so in ba ku labarinsa, musamman ku iyaye mata da ku ke lissafin kuɗin cefane da na tara na yara.

Bari in fara da kifi, gama shi ne mutane su ka fi mamaki. Teku tana can Ikko, tafiyar yini da kwana a mota. Mu namu kifin na gulbi ne. Gulbin Gagare ya bi ta gefen Ƙaura, Bunsuru kuma ya ratsa ƙasar Zurmi, su biyun su ka gangara arewa, ruwansu ya haɗu ya zama Gulbin Rima. Da damina sukan cika su yi ambaliya cikin fadamu. Da rani kuwa sai ka ga yashi fari fat, yara suna ƙwallo a tsakiyar gulbi, ruwa ya rage a gurabu da tafkuna kaɗai. A cikin waɗannan gurabu kifi ya ke taruwa, nan ne kuma a ke yin su. Wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu, wanda a ka fara a 1934, ya ga babban yayan abin da ƙauyukanmu su ke yi ba tare da 'yan kallo ba: Sarkin Ruwa ya sa rana, maza su faɗa ruwa da homa da gora, mata da yara suna bakin gaɓa da ƙwarya.

Tarwaɗa ita ce sarauniya a wurina. Ba ta da ƙaya mai yawa, saboda haka ana iya ba ƙaramin yaro ba fargaba. Ta gulbi ta fi ta kiwo daɗi nesa ba kusa ba. Ta kiwo, wadda a ke tarawa a tankin siminti ana ba ta abincin buhu, ƙiba gare ta da kitse, amma in ka dafa sai ka ji salam. Ta gulbi siririya ce, baƙa, namanta da ƙarfi. A yanka ta, a wanke da toka ko lemun tsami don santsin ya fita, a sa citta da masoro da kanumfari da attarugu da 'yar daddawa. Mai jego ko wanda zazzaɓi ya kayar, in ya sha romon nan sai ya yi gumi ya nemi tuwo. Karfasa kuma suya ta fi karɓarta. Da yamma a bakin tasha za ka tarar da masu suya sun jera ta a faranti, an barbaɗa yaji da albasa. Sai dai ƙayarta ba ta da wasa, kada a ba yaro ita a cikin duhu. Ƙurungu ma akwai shi, mai ƙaho uku da kan soki hannun masunci, miyarsa kuwa ba ta da na biyu.

Akwai wani kifi da na ke koya wa yara labarinsa kowace shekara a darasin kimiyya, wato gaiwa. Gaiwa tana da huhu, tana shaƙar iska kamar mu. Sa'ad da tafki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da majina wadda za ta bushe ta zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa ta numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni ƙarƙashin busasshiyar ƙasa har ruwa ya dawo. Mutanen ƙauye sun san alamar raminta, sukan haƙo ta da fartanya a wurin da ba ɗigon ruwa. Yaran da su ka zo daga birni ba su yarda, sai na ƙauye su yi ta rantsuwa. Hausawa sun ce gaiwa jikinta ta ke ci, masana kuwa sun tabbatar da haka ne, da naman jikinta ta ke rayuwa har damina. Wasu ba su cinta, wai ƙyama. Ni ina ci, in an yi bandarta da kyau.

Banda ita ce kifin talaka. Ɗanyen kifi na kwana ɗaya ne, banda kuwa takan yi makonni, kuma kaɗan ya isa ya canza tukunyar miyar kuka. Ba dukan bandar da ke kasuwanninmu ta gulabenmu ba ce. Ana kawo wata daga Yawuri, wata daga madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo. Mahaifiyata takan daka ƙananan, kai da ƙashi duka, ta zuba garin a gwangwani, kowace miya ta sa cokali biyu. Ba ta yi makaranta ba, amma abin da ma'aikatan asibiti su ke koya wa mata yanzu ke nan. Gargaɗi ɗaya zan yi. Waɗansu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah sukan yayyafa wa banda fiya-fiya don kada ƙwari su ci. Ku sansana kafin ku saya. In kun ga tiren kifi a tsakiyar kasuwa ko ƙuda ɗaya bai sauka a kansa ba alhali na maƙwabcinsa ana ta kora, ku wuce. Wanda ku ka saya kuma a jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri, a zubar da ruwan.

Kifin teku ma yana zuwa mana, amma a daskare cikin kwali, shi ne kifin ƙanƙara. 'Yan'uwanmu Ibo da Yarabawa, waɗanda kakanninsu su ka biyo hanyar jirgin ƙasa da ta iso Ƙaura a 1929, su su ka koya wa iyayenmu sa garin ƙananan jatan lande a miya. Ba laifi, sai dai a garin da wutar lantarki ba ta zama, kifin da ya narke ya sake daskarewa sau uku ba abin amincewa ba ne.

Yanzu sai taliya, a nan ne kuma ni da 'yan ajina mu ke samun saɓani. An ce sunan daga Italiya ya fito. Ko ma daga ina ne, ta daɗe da zama 'yar gida. Taliyar murji ita ce wadda mata su ke yi a tsakar gida: a kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri da tauri, a sa a ɗan injin hannu a murza ta yi faɗi, a sake murzawa ta fito zare-zare, a shanya a igiya. Kafin azahar ta bushe. A dafa, a tsame, a zuba soyayyen man gyaɗa ko manja da albasa, a barbaɗa yajin ƙuli. In an haɗa da wake da ɗan marmashin banda, to, wannan abinci ne na mai aikin ƙarfi. Muna yara, 'yan mata ne ke yawo da ita a kwano, ganye ko takarda a hannu. Mahaifiyata ta ce lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987 fulawa ta yi tsada har masu taliya da yawa su ka koma ɗanwake, sai da a ka ɗage hanin su ka dawo da injinansu.

Ina makarantar sakandare Indomie ta fara yawa. Asalin irin wannan taliya daga Japan ne, a 1958 a ka ƙirƙiro ta, Indomie kuwa daga Indonesiya ta zo, a ka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Yau ba teburin mai shayi da ba ta a kai, daga ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura har tashar Zurmi. Ba na zaginta. Ni ma in dare ya yi mini a hanya nakan ce a dafa mini da ƙwai. Abin da na ke gani a aji shi ne damuwata. Ƙaramin ƙunshi giram 70 ne, fulawa da mai da gishiri. Yaron da ya karya da shi kaɗai, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya fara hamma, ya kwantar da kai a tebur. Wanda ya ci ɗanwake ko ƙosai da koko yana nan garau har a tashi. Na yi shekara goma sha tara ina riƙe da alli, ba na bukatar a gaya mini wanda ya ci me.

Na taɓa tambayar wani yaro ɗan aji huɗu me ya sa ba ya sayen taliyar murji. Ya ce, "Malam, ai ta 'yan ƙauye ce." Na ce masa, "To, kakarka da ta yi kuɗin makarantar babanka da ita fa?" Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ba laifinsa ba ne. Abin da ya zo a leda mai launi ya fi abin da ya zo a kwanon sha kwarjini a idon yaro, har a idon manya ma.

Hoce kuwa, wanda bai ci shi ba bai zo Zamfara ba. Da garin dawa a ke yinsa, a gasa ba tare da mai ba, ya fito da ɗan tauri da ƙanshin wuta. Baƙo in ya gutsura haka nan sai ya ce me a ke yabo a nan. Sai an marmasa shi, an sa garin ƙuli da mai da albasa da tumatir, ko an tsoma shi a miya mai zafi, sa'an nan ya ke nuna kansa. Guzurin matafiya ne tun zamanin jakuna, gama yakan kwana biyu bai lalace ba. Ƙuli-ƙuli kuma tarihinsa a nan dogo ne. Don gyaɗa da auduga Turawa su ka ja dogo har Ƙaura, nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau. Jirgin ya daina zuwa yadda ya saba, amma mata ba su daina matsar mai ba. Da ƙulin nan a ke yin datu, wanda mutanen Kano ke kira kwaɗo, na zogale ko rama ko tafasa. Tsire da balangu da kilishi ba sai na tsaya a kansu ba, duk inda ku ke akwai su, sai dai naman Shinkafi na dabbar da ta yi kiwo ne. Awara ba mu tashi da ita ba, a idonmu ta shigo, amma na karɓe ta hannu biyu, gama waken suya yana gina jiki kuma da kuɗi kaɗan yaro zai samu. Fura kuma, wadda mu nan mu ke ce wa hura, a sha ta inda a ka san ruwan da a ka dama da shi. Wanda ya ga amai da gudawa na 2021 ba zai ce na cika tsoro ba. Abin titi a ci shi da zafinsa, daga kasko zuwa hannu.

Dukan waɗannan abubuwa a kan hanya da kasuwa su ke tsaye. Daga Ƙaura hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Shinkafi ta wuce Isa, ɗaya ta bi Zurmi ta fita Jibiya. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis babba ce ƙwarai, tun daga Nijar da kudancin ƙasar nan a ke zuwa cinta. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, a ka kuma yanke layukan waya na makonni, don a matsa wa 'yan bindiga. A lokacin ne na gane yawan gidajen da ke ci daga kasko ɗaya. Masunta sun ji tsoron zuwa gurabun da ke nesa da gari, manoma da yawa sun bar gonakinsu na daji, Fulanin kirki masu kawo nono su ma abin ya ci su. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya su ka auna yara ƙanana a Shinkafi da Zurmi, su ka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu suna fama da tamowa. Wannan a ƙasar gero da wake da gyaɗa da kifi. Gidaje da yawa zaman gaiwa su ke yi, an sayar da akuya, an sayar da keke, wata ma har injin taliyarta.

Akwai wata gwauruwa a ekklesiyarmu da ta gudo daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi da 'ya'ya huɗu. Zumuntar mata su ka haɗa kuɗi su ka saya mata injin murji da rabin buhun fulawa. Maƙwabciyarta, wata dattijuwa Musulma da kowa ke kira Inna, ita ta koya mata hannu, ta kuma ba ta aron igiyar shanya a gidanta. Na nemi izinin shugaban makarantarmu a bar ta ta riƙa zama a bakin ƙofa lokacin tara, da sharaɗi uku: kwano a rufe, ruwan wanke hannu da sabulu a gefe, kuma ta riƙa haɗawa da wake. Makon farko malamai ne kaɗai mu ka saya. Mun zauna a benci a gaban yara muna ci da gangan. Mako na uku sai da a ka yi layi. Ranar Juma'a takan daka banda ta sa a yajin, ranar kuwa in ban aika da wuri ba sai in tarar ana kankare kwano.

Ta ce mini ran nan, "Malam, fulawa ta sake tashi. In rage yawan ko in ƙara kuɗi?" Na ce ta bari mu yi shawara da iyaye ranar Lahadi bayan sujada, gama na san akwai yara aƙalla shida a ajina da wannan kwanon ne abincinsu na farko a yini.