Kiwon Ruwa Kafin Kiwon Kifi

Bahaushe ya san kifi tun fil'azal, amma wanda ya sani na kogi ne da na tabki, irin su tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, kuma galibi a cikin tukunya sanin yakan ƙare. Kifin teku kuwa, wanda a ke ajiyewa cikin akwatin gilashi domin kallo kurum, baƙo ne a wurinmu. Abin da ya ja hankalina ga wannan sha'ani shi ne kalmar murjani, wadda muka aro daga Larabci muna kiran dutsen adon mata da ita, alhali kuwa ƙashin wata halitta ce mai rai a ƙarƙashin teku. Sha'awar ganin duniyar da wannan kalma ta fito ita ta sa na tanadi akwati mai cin lita 60, na kafa shi a ɗakina.

Ya kai mai karatu, ka sani mafari a wannan aiki ba kifi ya ke fara kiwo ba, ruwa ya ke kiwo. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, watau akwati irin nawa yana bukatar wajen kilo 2. Gishirin miya ba ya wadatarwa, domin ruwan teku ya ƙunshi waɗansu ma'adinai da babu su a cikinsa, sai dai a nemi wanda aka haɗa musamman, a narka shi cikin tataccen ruwa marar kulorin, a auna da ma'aunin gishiri har ya tsaya wajen 1.025.

Sa'an nan a shimfiɗa yashi, a jera duwatsu masu ƙofofi, a kunna injin motsa ruwa, a zauna jira. A nan ne wahalar ta ke. Kashin kifi yana fitar da amoniya, ita kuwa dafi ce. Waɗansu ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin dutse su ke juya ta zuwa naitirayit, wanda shi ma dafi ne, waɗansu kuma su juya wannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su hayayyafa yadda za su iya aikin, akan ɗauki mako 4 zuwa 6, ana jefa musu ɗan abincin kifi ya ruɓe. Duk tsawon wannan lokaci abokai na shigowa su tarar da ni ina lura da ruwa da dutse, su yi dariya su ce ashe da gaske mai haƙuri ke dafa dutse. Wanda ya kasa jure wannan dariya ya zuba kifi da wuri, dafin nan na iya hallaka su cikin 'yan kwanaki.

Ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙo, ko da ya ke ya fi araha, saboda ɗan ruwa ba ya jimirin canji. A ƙasarmu abin ya fi tsanani. Kifin yana son ɗumi tsakanin digiri 24 da 26, bazara kuwa ba ta san da wannan ba, dole a sa fanka tana hura saman ruwan. Da hunturu iska takan shanye ruwa ta bar gishiri, don haka da ruwa marar gishiri a ke cike gurbin kullum. In an ɗauke wuta kuma injin ya tsaya, iskar shaƙa ta ragu, shi ya sa na ajiye ƙaramin famfon iska mai batir.

A mako na shida, da awo ya nuna babu amoniya babu naitirayit, na saka kifi biyu kacal, irin mai ruwan lemo da fararen ɗamaru uku wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna. Na zaɓi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, domin a tekun Filifin da Indunusiya akwai masu kama kifin ado da gubar sayanayid, wadda ke kashe murjanin da ke wurin. Ina ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, kowane mako kuma ina kwashe lita 6 in mayar da sabon haɗi.