Luka Jovic: Yaron da ya ci biyar a dare ɗaya

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo a 2018 ba zai manta da daren 19 ga Oktoba ba. A ranar ne wani yaro ɗan Sabiya mai shekara 20, Luka Jovic, ya ɗura wa Fortuna Dusseldorf ƙwallo biyar shi kaɗai, ƙungiyar sa ta Eintracht Frankfurt ta ci 7-1. Kafin gari ya waye sunan sa ya cika duniya, kamar jarumin da ya fito a fim ɗaya tak kowa ya kama neman fostar sa.

Ba daga sama ya faɗo ba. An haife shi a Disamba 1997, ya tashi a ƙauyen Batar da ke Bosniya, ya koyi ƙwallo a Red Star ta birnin Belgrade. A wasan sa na farko a babbar ƙungiya, cikin Mayu 2014, ya na ɗan shekara 16, ya shigo daga benci ya ci. Benfica ta Fotugal ta saye shi a 2016, ta rasa yadda za ta yi da shi, ta ba Frankfurt aro.

To a Jamus ɗin ne fa abin ya yi kyau. A kakar 2018/19 ya ci ƙwallo 27, goma daga ciki a gasar Europa, har da waɗanda ya zura wa Chelsea gida da waje a wasan kusa da ƙarshe. Amma abin da masu ihu su ka manta shi ne, su uku ne a gaba: shi da Sebastien Haller da Ante Rebic. Haller dogo ya tare ƙwallo ya ajiye masa, Rebic ya yi ta wahalar da 'yan baya da gudu, shi kuma aikin sa bugun ƙarshe. Ko a fim, ai jarumi ya na haskawa ne idan ya samu abokan fitowa da su ka dace da shi.

Real Madrid ba ta sayi su ukun ba. Shi kaɗai ta ɗauka a Yunin 2019, a kan kusan Yuro miliyan 60. Can kuma ya tarar da Karim Benzema, wanda Zidane ba ya ajiyewa. Yaron da ya saba buga wasa kowane mako ya koma ɗan minti goma. Ga surutun karya dokar killace kai a Sabiya lokacin korona a 2020, ga raunin ƙafa da ya biyo baya. Ƙwallo uku kacal ya ci wa Madrid. Uku fa! Magoya baya su ka ce an yi asarar kuɗi, alhali ba su taɓa ba shi filin da ya saba ba. Shaida kuwa, da aka mayar da shi Frankfurt aro a Janairun 2021, wasan farko ya ci Schalke biyu.

Daga nan sai yawo: Fiorentina a 2022, AC Milan a 2023, AEK ta Girka a 2025. Ƙafar dai ba ta mutu ba. Shi ya farke wa Sabiya a minti na 95 a wasan su da Sulobeniya a gasar Turai ta 2024, kuma a Afrilun 2025 ya ci Inter biyu, Milan ta kai wasan ƙarshe na Kofin Italiya.