Wa Zai Rufe Taro Bayan Ozzy?

Ranar 5 ga Yulin 2025 mutum kusan dubu 40 suka cika filin ƙwallo na Villa Park a Birmingham ta Ingila don yin bankwana da Black Sabbath, ƙungiyar da ake ɗauka ita ce uwar kiɗan metal. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune ya yi waƙa, kan wata baƙar kujera irin ta sarauta, domin cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Waƙoƙi huɗu kacal ƙungiyar ta yi. Bayan kwana 17 Ozzy ya rasu yana da shekara 76.

Na san da yawa daga cikinku za su ce, to mu ina ruwanmu? A hostel ɗinmu ma, duk sanda na cire iyafis ƙarar jita ta fito, sai wani ya ce, "Malam, ka dawo da kiɗan aljanun nan ko?" Ni kuwa abin da ya fara jawo ni gare shi labari ne da duk ɗan sashen injiniya zai gane. Tony Iommi, mai jitar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Bahago ne, don haka da yatsun nan yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta su don rage zafi. Sassautawar nan ta taimaka wajen ba kiɗansu nauyin da aka san metal da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin yanka ƙarfe a wokshop ya san ba ƙaramin abu ya same shi ba.

Matsalata dai ita ce na zo a makare. Mutanen da nake saurare duk sa'o'in kakana ne, kuma ɗaya bayan ɗaya suna ajiye kaya. Lemmy na Motörhead ya rasu a 2015, Malcolm Young na AC/DC a 2017, Eddie Van Halen a 2020. Aerosmith sun daina yawon wasa a 2024 saboda muryar Steven Tyler ta ƙi warkewa. A ƙarshen shekarar ne mai gangunan Iron Maiden, Nicko McBrain, ya sauka daga yawo bayan ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Metallica, da muke ganin su ne masu sauran ƙarfi, tun 1981 aka kafa su, kuma mawaƙinsu James Hetfield haifaffen 1963 ne. Ko yau aka ba ni biza da kuɗin jirgi, rabinsu sai dai in gani a YouTube.

Inda abin ya fi ciwo shi ne manyan bukukuwan kiɗa. Download a Donington Park ta Ingila tun 2003 ake yin sa, Wacken a wani ƙauyen arewacin Jamus tun 1990. Kwanaki ake yi, ƙungiyoyi da dama suna hawa dandamali, amma sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a saman fosta, wato mai rufe taro da dare, shi ke sayar da tikiti. Mai shirya biki ya zuba maƙudan kuɗi tun kafin a buɗe ƙofa, in tikiti bai tafi ba ya shiga uku. Shi ya sa yake komawa ga sunayen da ya tabbatar, yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. A 2023 Metallica dare biyu suka rufe taron Download. Ban ga laifinsa ba sosai, amma zumar tana ƙarewa, kuma ba a kafa sabbin amya ba.

Me ya sa magada suka yi ƙaranci? A da rediyo da MTV da shagon kaset su ke sa matasa miliyoyi su ji waƙa ɗaya a lokaci ɗaya. Yanzu kowa da abin da waya ta zaɓar masa, masu sauraro sun rarrabu gida-gida. Ƙananan wuraren wasa kuma, inda ƙungiya ke koyon riƙe mutum ɗari kafin ta riƙe dubu ɗari, suna ta rufewa saboda tsadar haya da wuta. Sannan akwai maganar ba da dama. A 1986 Ozzy ya ɗauki Metallica su riƙa buɗe masa wasa a yawonsa na Amurka, a nan dubban mutane suka fara ganin su ido da ido. Shekara 39 bayan haka suna cikin waɗanda suka hau dandamali a Villa Park don yi masa bankwana. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wani ne ya yarda ya gwada su.

Mu masu sauraro ma da namu laifin. In sabuwar ƙungiya ta yi kama da tsofaffi, kamar yadda ake cewa Greta Van Fleet sun yi kama da Led Zeppelin, sai a ce kwaikwayo ne. In ta zo da nata salon, kamar Sleep Token da suka rufe dare ɗaya a Download na 2025 suna haɗa metal da laushin R&B, sai a ce wannan ai ba metal ba ne. To wai me ake so? Kiss sun ba da tasu amsar a wasansu na bankwana a Disambar 2023: hotunan kwamfuta ne za su ci gaba da wasa a madadinsu. Wallahi wannan ya fi komai ba ni tsoro. Hoto ba ya tsufa, ba ya rashin lafiya, don haka ba ranar da zai matsa wa yaro ya hau.

Alhali magadan suna nan. Gojira ta Faransa ta yi wasa a bikin buɗe gasar Olympics ta Paris a 2024, duniya na kallo. Wanda ya fi burge ni kuma maƙwabcinmu ne. Mdou Moctar Ba'abzine ne daga Nijar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Shi ma bahago ne kamar Iommi. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta memori da Bluetooth ya yaɗu daga waya zuwa waya. A bukukuwan aure na Agadas ya goge, ya kalli bidiyon Van Halen ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya zuba a kan kiɗan mutanensa da harshen Tamashek. A 2024 ya hau dandamalin Coachella a Amurka. Ba metal yake yi ba, amma ka saurari Afrique Victime ka ji yadda jita ke kuka a hannunsa, sannan ka zo mu yi gardama.

Abin da ya haɗa shi da Iommi ya wuce bahagwanci. Dukansu abin da ke gabansu suka ɗauka, robar kwalba da wayar birki, suka fitar da sautin da ba a taɓa ji ba. Ni a wurina wannan shi ne gadon, kuma mai neman wanda zai yi waƙa da muryar Ozzy zai daɗe yana jira. Don haka na sa wa kaina doka: duk tsohon faifai ɗaya da na kunna, sai na nemi ɗaya na ƙungiyar da 'ya'yanta ba su kai shekara 40 ba. Data ce kawai nake da ita, ba ni da bikin da zan ɗora kowa a saman fosta, amma masu bikin ƙidayar masu sauraro suke dubawa kafin su rubuta suna, kuma ni ma ina cikin ƙidayar.