Zago a ƙasar gawayi

A Anu Araren ba a kama kifi. Garin gawayi ne, arewa da Agadas, inda kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yake haƙo gawayin ƙasa yana ƙonawa, ya aika da wutar lantarki zuwa Arlit da Agadas. Duk kifin da ya shiga tukunya a can busasshe ne ko bandararre, ya sha tafiya a bayan mota. Amma akwai wani dattijo a garin, Basarke daga yankin Gaya, wanda neman aiki ya kawo shi arewa tun yana saurayi, har yau zagon mahaifinsa yana rataye a ɗakinsa.

Zago ba mashi ba ne, ko da yake baƙo zai ɗauka ɗaya suke. Mashi kansa a kafe yake da ƙota. Shi kuwa zago, kansa na ƙarfe mai kunne yana fita daga sandar da zarar ya shiga nama. Igiya ce ke riƙe da shi, ita kuma a ɗaure take da wani icce marar nauyi da ke yawo a bisa ruwa. Dabba ta nutsa, ta gudu, ta yi ta ja har ta gaji, maharbi yana biye da iccen a cikin jirgi. Da irin wannan makami Sarkawa suka yi farautar dorina a kogin Kwara, farautar da Jean Rouch ya ɗauka a fim kusa da Ayoru a farkon shekarun 1950. Yau doka ta hana kashe dorina, zago ya koma kayan ajiya.

Wata rana jikan dattijon ya nuna masa a waya waɗansu masu nutso cikin teku, ba tulun iska a bayansu, suna harbin manyan kifaye da bindigar roba. Yaron ya zaci tsoho zai yi mamaki. Tsoho ya duba, ya ce ai wannan zago ne aka yi wa wando.

Gaskiya ya faɗa. Mai farautar kifin tsakiyar teku yana sa gilashin ido, da dogayen takalman iyo, da ɗamarar darma don ta taimaka masa ya nutsa. Bindigarsa itace ce ko ƙarfe, robobi ne ke cilla kibiyar. Amma ga babban kifi, kan kibiyar yana fita ya gitta cikin nama, igiya ta tafi har bisa ruwa inda balan-balan mai tauri yake jira. Wanda ya ɗaure irin wannan kifi a jikinsa, kifin ne zai tafi da shi. Dabarar ma dattijon ya gane ta: ba a bin kifi da gudu, ba a zura masa ido. Mutum ya sauka a hankali, ya yi lamo, son gani ya jawo kifin da kansa, sa'an nan a nufi bayan kai. Waɗansu kan rataya ƙarafa masu walƙiya don su kira shi. Abin da ya fi kashe masu nutso kuwa ba kifi ba ne. Suma ce, wadda kan kama mutum yana dab da fitowa, musamman in ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya shiga. Shi ya sa ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana sama yana dubansa.

Abin da dattijon bai sani ba sai da ya tsufa shi ne, ƙasar da ya ɗauka ba ta taɓa sanin kifi ba ta riga Sarkawa sanin zago. A shekara ta 2000, Paul Sereno, masani daga jami'ar Shikago ta Amurka, yana neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe a Tenere, ya ci karo da wata maƙabarta a Gobero, gabas da Agadas, mai kabari wajen 200. Mutanen farko da aka binne a wurin sun zauna bakin wani tabki kimanin shekara 9000 da suka wuce. An tarar da kawunan zago na ƙashi masu kunnuwa, da ƙugiyoyi, da ƙasusuwan dorina, da kada, da giwan ruwa mai tsawon da ya kusa mita 2. Giwan ruwa ba ya zama a kududdufi. Inda aka ga ƙashinsa, an yi ruwa mai zurfi. Tabkin ya ƙafe, waɗansu mutane suka zo bayan ya dawo, makiyaya, su ma suka tafi da ya sāke ƙafewa.

Ƴaƴan dattijon a Anu Araren aka haife su. Ɗaya makaniki ne, ɗaya ya bi aikin iraniyom a Akokan har aka rufe Cominak a 2021, babu ko ɗaya da ya iya iyo. Sun ba shi shawara ya sayar da zagon ga masu tara kayan da a Agadas. Ya ƙi. Ya aika wa ɗan ƙanensa a Gaya cewa ya zo ya karɓa da hannunsa, don akwai ɗaurin igiya da ba a koyarwa ta waya. An yi damina biyu, yaron bai zo ba tukuna.