Kafin Ki Miƙa wa Yaronki Shebur

Uwargida, idan an taɓa aiko miki da takarda daga makaranta cewa ranar al'adu ta matso, kin san zirga-zirgar da ke biyo baya. Ni bana wasan kwaikwayo na ginin ganuwar Kano ne ya faɗo kaina. An ba ɗana ɗan aji biyar matsayin mai haƙar ƙasa, aka ce ya zo da kayan haƙa irin na da. Har na jawo tsohon shebur ɗin maigida mai tsatsa, sai kakarsa ta dube ni ta ce, "Ke, mayar da shi. Wannan da Nasara ya zo, sunansa ma ya tona masa asiri."

Gaskiyar Hajiya ce. Shebur, diga da baro duk sunayen aro ne daga Turanci. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Ganuwa kuwa, tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ta. Kin ga tsakani kusan shekara 800 ke nan. Yaron da ya hau dandamali da shebur yana gaya wa 'yan kallo, ba da saninsa ba, cewa kakanninsa sai da suka jira baƙo ya kawo musu kayan aiki. Shi ya sa na ware Asabar guda, na riƙo hannunsa muka shiga cikin gari. Ga hanyar da muka bi, ko za ta yi miki amfani.

Ki fara da badala, wajen Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Gadon Ƙaya. Ki sauka daga adaidaita, ki bar yaro ya taɓa jar ƙasar da hannunsa. Wani wurin tudu ne kawai ya rage, ruwan sama da gine-gine sun ci sauran. Ki nuna masa kududdufan da ke cikin birni: da yawansu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. A nan zai gane girman aikin da za a ce ya kwaikwaya.

Daga nan ki wuce Gidan Makama, dab da fadar Sarki. Gidan kansa darasi ne, don ginin ƙasa ne tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yanzu kuma gidan adana kayan tarihi. Ki tambayi masu zagayawa da baƙi yadda ake yin tubalin gargajiya. Za ki ji cewa da hannu ake dunƙula shi, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana. Ba bulo mai kusurwa huɗu ba ne, saboda haka kada a yanka kwali irin na siminti a ce tubali ne.

Zangon ƙarshe shi ne Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa. Lungunanta matsattsu ne, ki riƙe yaro gam. Ki nemi masu sayar da kayan ƙarfe, su za su haɗa ki da maƙeri. Namu dattijo ne, mun same shi gaban uwar maƙera da masaba a hannu. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, abu uku kike nema: dagi na fasa ƙasa mai tauri, fartanya ta yaye ta da kwaɓa ta, sai kwando na ɗauka." Ya hana mu kwanon sarki, ya ce shi ma ɗan zamani ne.

Ga abin da za ki duba. Ƙota ta zama ta itace mai ƙulli a kai, ba bututun ƙarfe ba. Kada ki karɓi mai walda ko fenti. A ta gargajiya tsinin ƙarfen ake gasawa a wuta, a soka shi cikin kan ƙotar ya kama. Kwando ya zama saƙaƙƙe, ban da roba. Ki ce a ƙera ƙarama daidai hannun yaro, kuma kada a wasa bakinta, don cikin 'yan uwansa yara zai riƙe ta.

Abu ɗaya ne maƙerin ya ce ba zai ɓoye mana ba: ƙarfen na tsohuwar mota ne. Na da daga tama ake narko shi, kuma masu binciken kayan tarihi sun samu shaidar narkar da ƙarfe a Dutsen Dala tun ƙarni na 7. Siffar dai ba ta sake ba, haka ya gaje ta a wurin mahaifinsa.

A hanyar gida muka sake bi ta badala. Ɗana ya dubi fartanyar da ke cinyarsa, ya dubi tudun, ya ce, "Umma, da wannan 'yar abar suka yi duk wannan?" Na ce da ita, da dubban hannuwa, shekara bayan shekara. Bai sake magana ba har muka isa.

An yi wasa an gama, fartanyar tana rataye a zaure. Ranar nan na ji shi yana gaya wa ƙanwarsa kada ta sake ta kira ganuwa tulin ƙasa.